Malam Manasse da Dattin da ke Cikin Boris

Mai girma Lawan, Bulamanmu na Bulumkutu, Rabaran da dattawan ikilisiya, Malam Liman, Mama Ketura da 'ya'ya, jama'a maza da mata, ina gaishe ku. Sunana Ba'ana. Ƙungiyar makanikai ce ta ɗora mini wannan magana, kuma ku yi mini afuwa idan muryata ta yi zafi.

Malam Manasse ya kasance masanin ƙarfe. Shekara talatin yana koyarwa a makarantar sana'a, da ya yi ritaya sai ya mai da garejinmu ajinsa.

Ya kasance mai tambayar da mu ba ma yi. Mu dai idan boris, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, ya mutu a ƙafar keke ko mota, mu cire, mu jefar, mu ɗaura sabo. Shi sai ya tsince shi. Wata rana ya yanka ɗaya, ya goge har ya yi ƙyalli, ya miƙo mini gilashin ƙara girma.

"Ba'ana, me ka gani?"

"Ɗige-ɗige baƙaƙe, Malam."

"Datti ne da ba a tace ba lokacin narka ƙarfen. Taya na juyawa, nauyi na danna wurin yana saki, har tsagewa ta fara daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Na kirki zai yi shekaru. Wannan wata uku, ko ka cika shi da giris."

Ya kasance ba ya ɓoye abin da ya sani. Ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗi a kan jabun boris, wasu suka ce yana kashe musu kasuwa. Aloysius mai kayan gyara, ga shi can zaune, ya duba da idonsa, ya sauke katan-katan daga kanta, ya ce ba zai sayar da abin da ba zai ɗaura wa motar iyalinsa ba. Shi ma a kwali mai tambarin kamfanin kirki aka kawo masa su.

Sau uku Malam ya rubuta wa ofishin da ya kamata ya tare irin wannan kaya. Na huɗu ya je da ƙafarsa, da yankakkun boris a cikin gwangwani. Suka ajiye dattijo a kan benci tun safe har azahar, sannan wani ya leƙo ya ce, "Baba, ai kun yi ritaya, ku je ku huta."

Makonni shida da suka wuce ya shiga bas zuwa Damaturu, zai ga jaririn da aka haifa wa ɗansa Yoila. Tayar gaba ta cije, ta fita, motar ta kife. Mutum biyar suka rasu, har da Malam. Na je inda aka ja motar, na ciro boris ɗin, na yanka yadda ya koya mini. Ɗige-ɗigen suna nan.

Ana ce mana ƙaddara ce. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara. Amma akwai wanda ya narka ƙarfen nan, ya kuma san bai tace ba. Akwai wanda ya buga kwalin ƙarya. Akwai wanda ya karɓi wasiƙa uku ya cusa a durowa. Kuma makanike ne ya ɗaura shi, ɗaya daga cikinmu, mu da muka ji gargaɗin da kunnenmu.

Mama Ketura, ba mu da bakin ba ki haƙuri. Yoila, mahaifinka ya yi nasa, mu ne muka yi sake. Ƙungiya ta yanke shawara: duk kayan da suka shigo garejinmu sai mun yanka ɗaya mun duba, wanda ya ƙi kuma ya ajiye sifana.

Mun gode muku da kuka zo. Allah Ya ba iyalin Malam da iyalan sauran huɗun ƙarfin zuciya. Allah Ya tona asirin masu wannan aiki. Waɗanda kuma ke kan hanya a wannan sa'a, da irin wannan boris a ƙarƙashinsu ba su sani ba, Allah Ya kai su gida lafiya. Amin.