Mahaifiyata Ta Ƙi Rufaffen Ɗaki

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Dutsin-Ma nake neman shawara.

Na ɗauko mahaifiyata daga Barkiya domin jinyar hawan jini, na sanya mata na'urar sanyaya ɗaki. Takardar na'urar ta ce a rufe ƙofa da taga, na bi sau da ƙafa. Kwana uku maƙwabta suna sallama, ba ta ji, suna komawa. Jiya ta wangale ƙofar, ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, ɗakin da ba a jin sallama kabari ne. Juma'a zan koma gida."

Likita ya gargaɗe ni kan zafi, can kuwa asibiti da nisa. Jama'a, yaya zan yi? Jibi ce Juma'ar.