Waƙar Yusufu Ta Tsaya Mini a Rijiya

Gaisuwa gare ka Malam Iliya, da dukan masu sauraro. Ni ce Saratu daga Mpape.

Mahaifiyata ba ta yi makaranta ba, amma ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocin ƙauyenmu. Tana buga tulu tana jan baiti, muna amsawa. A haka labarin Yusufu ya zauna mana a kai.

Da aka dawo da babban birni Abuja, aka tashe mu. Matan suka watse, wasu Kubwa, wasu Sheda. Mama ta rasu, ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarta a kaset.

Ran Lahadi jikata ta ce, "Kaka, koya mini waƙar Yusufu." Na fara da ƙarfina. Ina kaiwa inda 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, sai baitin ya ɓace mini ƙaf. Yarinya ta zuba mini ido, ta ce, "To, wa ya fito da shi?"

Na faɗa mata da baki, amma ni ba haka aka ba ni ba.

Don Allah, duk tsohuwar da ta tuna sauran, ta aiko wa shirin nan. A gidana dai, Yusufu yana rijiya har yau.