Motar da Ke Kawo Mini Ɗana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ina iyali? A yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ni kaɗai ce a gida nan Ƙofar Marusa tun rasuwar maigidana. Ɗana Sanusi yana koyarwa a Dutsin-ma, kuma tsohuwar motar mahaifinsa ce ke kawo mini shi duk Juma'a. Ashe tunda ya gaje ta bai taɓa yi mata juyen baƙin mai ba, sai dai ya ƙara baƙin mai idan ya ragu. Da ta fara ƙara, bakanike ya buɗe injin ya tarar mai ya daskare, baƙi ƙirin kamar kwalta.

Bakaniken ya ce a wanke da kananzir a zuba mai marar kauri. Maƙwabcinmu Malam Audu, tsohon direba, ya ce, "Kul, Inna! Dattin zai ɓalle ya toshe hanyar mai. A zuba mai kauri irin wanda ta saba, a riƙa juye akai-akai, zai fita a hankali."

Sanusi ya rasa na ɗauka, ya ajiye motar. Ni ma ina tsoron ta mutu masa a daji.

Don Allah masana, wanne za mu bi? Sanusi, in kana saurare, har yanzu kwano biyu nake zuba tuwo ranar Juma'a.

Taku, Inna Rabi.