Na Ce Sai Bayan Jarrabawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Sani daga Maruta, ina ajin ƙarshe a jami'a, kuma bincikena kan fataken Gwaram ne a ƙarni na sha tara. Da malamar da ke duba aikina ta ji kakata jikar falke ce, sai ta ce, "Sani, ajiye littattafan nan, je ka ɗauki muryarta makon nan." Na ce sai bayan jarrabawa. Ranar da na gama Inna ta rasu.

Malama ba ta yi mini faɗa ba, ta ce in nemi sa'anninta. Dattawan Gwaram, wanda ya ji labarin fatake daga kakanninsa ya aiko ta gidan rediyon nan, zan zo har gida. Ku sa Inna a addu'a.