Ranar da Teku Ta Zo Rano

Jawabin Malam Habibullahi Saji, mai makarantar allo, a taron tunawa da marigayi Dakta Zakiyyu Dalhatu Rurum, wanda tsofaffin ɗalibansa suka shirya a Rano.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da iyalan gidansa, da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Shugabannin ƙananan hukumominmu na Rano da Kibiya. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dagatai da masu unguwanni na Rurum da Saji da Yalwa. Shugaban makaranta da malamansa. Hajiya Khadijatu, uwargidan marigayi, da 'ya'yanta Haliru da Adawiyya, da sauran dangi. Ɗalibai na da da na yanzu, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da yaran nan suka zo suka ce ni zan yi magana yau, na ce ku dai nemi ɗan boko, ni da ko sunan abin da mutumin nan ya karanta ban iya faɗa da Turanci ba. Sai Zulaiha 'yar Kibiya, ɗalibarsa, wadda yanzu take karatun likita, ta ce, “Baba Malam, ai duk cikinmu babu wanda ya kai ka jin labarin.” Gaskiya ta faɗa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma tun da ya dawo ƙasar nan, la'asar ba ta wuce mu ba mu zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansa ba.

Ya kasance ɗan manomi daga Rurum, wanda ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi ta kai shi har ƙasar Italiya, bakin teku. Ya kasance mutumin da aka riƙe a can da hannu bibbiyu, aka ba shi ɗakin bincike da taga mai kallon ruwa. Ya kasance kuma ɗan da aka aika wa cewa mahaifinsa ya rasu, Iya Fanta mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ta ce ita ba inda za ta. Sai ya tattara ya dawo, ya karɓi alli a makarantar sakandare, ya ce na ɗan lokaci ne. Wannan ɗan lokacin shi ne sauran rayuwarsa.

Mu mutanen Rano mun san dutse, mun san dawa da gyaɗa, mun san ruwan Tiga. To me ya je ya karanta? Wata rana na tambaye shi. Ya ce wata 'yar halitta ce, ba ta fi babban yatsa ba, tana manne da dutse a cikin ruwan gishiri. Baki biyu gare ta, ɗaya na zuƙar ruwa, ɗaya na fitarwa. In ka matsa ta, sai ta tsarto maka ruwa a fuska. Ba ta da suna da Hausa, shi ya raɗa mata salkar teku. Na ce, “Dakta, yanzu duk kifayen da Allah ya yi, ka rasa abin karantawa sai wanda ba a ci?” Ya ce, “Malam, zauna ka ji.”

Iyayenmu mata ku gafarce ni, babu kunya a wajen ilimi. Ya ce kowace ɗaya tana ɗauke da ƙwai, tana kuma ɗauke da ruwan namiji, a jiki guda. Ba sa kusantar juna, kowacce tana nan inda ta manne. In duhu ya wuce haske ya sauka a kansu, sai su saki abin da suke ɗauke da shi a cikin ruwa, a gamu a can. Amma a irin da ya karanta, ƙwan yana da wata riga, rigar nan kuwa ta san na gida. In wanda ya fito daga jiki ɗaya da ƙwan ne ya zo, ba ta buɗe masa hanya. Sai na wata salkar dabam. Na ce, “Tirƙashi! Ashe har a ƙarƙashin teku an san muharrami!” Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce to yadda ƙwan yake gane na gida da baƙo, shi yake bincike a kai lokacin da saƙon rasuwa ya same shi, bai kuma gama ba.

Na taɓa ce masa, “Ba ka da-na-sani?” Ya ce babu, uwa ta fi teku. Ya ce ɗan salkar nan in ya ƙyanƙyashe, kamar talibambam yake, da wutsiya, yana iyo. Bai daɗewa sai ya kafa kansa a dutse, wutsiyar ta shanye, ya daina tafiya har abada. Ya nuna duwatsun Rano da haɓarsa ya ce, “Ni ma na kafa nawa kan.” Ya ce abu ɗaya ne ba ya barinsa: lokacin da ƙwai yake rabuwa biyu a ƙarƙashin madubin likita. Ya ce, “Malam, ina so in sake gani ko sau ɗaya ne, kuma ina so yaran nan su gani da idonsu.” Wallahi tun daga ranar na san abin da ke cin mutumin nan.

Kuna tune da shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Wasu iyaye, da kyakkyawar niyya, suka ce a cire babin haihuwa daga darasi, ba tarbiyya ba ce. Da wani ne, da ya ji haushi ya yi ta faɗa a gari. Shi bai yi haka ba. Ya zo ya same mu, mu malaman zaure, ya durƙusa kamar ɗalibi, ya ce zai koyar da babin da salkar teku, babu tsiraici, babu abin sunkuyar da kai. Muka duba muka ga Wanda ya halicce mu shi ya ce mu dubi yadda ya fari halitta. Muka ce bisimilla. Yaran suka zana, suka haddace, suka ci jarrabawa, amma shi ransa bai kwanta ba. Kullum sai ya ce gani ya kori ji.

Sai ya ƙudura sai ya kawo halittun nan Rano da rai. Jama'a, daga Ikko! Yana da wani tsohon abokin karatu a can wanda ya yarda zai ciro masa su daga jikin ƙarfen tashar jirgin ruwa. Mai ɗauko su kuwa Ɗanmalam direba ne, mai kai tumatir kudu, ga shi can yana ɓoye fuska. Ɗanmalam, yi haƙuri, kai ka ce in faɗa. Tafiyar farko, da suka kai Jebba, ya buɗe bokitin ya ɗanɗana ruwan, ya ji gishiri kamar zai tsinka harshe. Tausayi ya kama shi. Ya ce wane marar imani ne ya jiƙa bayin Allah a cikin wannan? Ya zubar, ya sayi fiya wata ya cika musu. Ya iso Rano yana murna ya yi aikin lada. Dakta ya leƙa bokitin, ya daɗe, sannan ya ce, “Ɗanmalam, Allah ya ba ka ladan niyyarka. Laifina ne da ban gaya maka ba.” Ko ɗaya ba ta rayu ba.

Tafiya ta biyu, an zo da ruwan tekun a jarkoki, amma zafin hanya ya kashe su, saura ɗaya. Ta saki ƙwai, ta saki ruwan namiji, yara suka yi layi suna leƙa madubi har rana ta take. Ƙwan yana nan yadda yake. Ya ce da su, “Kun ga darasin da idonku. Ita kaɗai ba za ta iya ba.” Da murmushi ya faɗa. Amma Hajiya, ke kika gaya mini tuwon ranar haka kika ɗauke shi bai taɓa ba.

Daga nan ciwon suga ya fara cin idonsa. Da fari rubutun allo ya gagare shi, sai fuskoki. Ya zama da murya yake gane mu. Muka ce, Dakta, a bar maganar nan haka, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ni da bakina na faɗa masa. Ya ce, “Idona ne ya tafi, Malam, na yaran yana nan.”

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hajiya ta fito da babbar kular da take bikin 'yan'uwa da ita. Aka jira damina, gari ya yi sanyi. Ɗanmalam ya ɗora kular a kujerar gaba kamar amarya, duk garin da ya shiga sai ya nemi mai ƙanƙara kafin ya nemi mai abinci. Da ya iso aka buɗe, Zulaiha ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke. Biyu suka tsuke bakinsu. Biyu da rai!

Aka rufe su da baƙin mayafin Hajiya suka kwana. Da hantsi muka taru a ajin, ɗalibai da malamai, da mu 'yan kallo. Shi da kansa ya lalubo mayafin ya janye, haske ya sauka a kan ruwan. Muka yi ta jira. Can sai yara suka ɗauka, “Malam, wani abu fari kamar hayaƙi yana fita!” Ya ce alhamdu lillahi, ya gaya wa Zulaiha yadda za ta ɗiba ta ɗiga a kan gilashi. Ta saita masa madubin, ta juya madubin ya fuskanci taga saboda haske.

Ya sunkuya ya ɗora idonsa. Jama'a, duk mun san ba ya gani, shi ma ya sani. Amma ya daɗe a sunkuye, yana murɗa ɗan ƙarfen nan gaba da baya yadda hannunsa ya saba. Sannan ya ɗago ya ce, “Zulaiha, zo ki ara mini idonki.”

Ta leƙa. Ya ce, “Me kika gani?”

Ta ce, “Abu ne zagayayye, Malam, wasu 'yan ƙanana suna ta motsi a gefensa.”

Ya ce, “To kar ki ɗaga kanki. Jira.”

Muka jira kamar tsakanin magariba da lisha. Yana tsaye, hannunsa a kan tebur. Sai yarinyar nan ta ce, “Malam, ya tsuke a tsakiya.” Ya ce, “Ci gaba.” Ta ce, “Malam, yana shiga ciki. Malam! Malam, ya rabu biyu!”

Ban taɓa ganin hawayen Dakta ba sai ranar, ko a jana'izar Iya Fanta. Bai share ba. Ya ce kowa ya zo, kowa kuma ya faɗa masa abin da ya gani da bakinsa. Yara suka bi layi. Ɗanmalam ya leƙa ya yi salati. Hajiya ta leƙa ta ce, “Yanzu saboda wannan ɗan abin?” sai ta fashe da kuka. Ni ma aka ja ni. Na ce, “Dakta, kamar curin fura ne da aka tsaga da zare, sai dai babu hannun da ya taɓa shi.” Ya kama hannuna ya ce, “Haka yake, Malam. Wallahi haka yake.”

Ya kasance malamin da ya ɗauko abin da ya fi so a duniya ya miƙa wa 'ya'yan wasu, shi bai samu ganinsa ba. Ya kasance mai haƙuri da ba mu taɓa jin ya ce don me ba. Shugabanninmu, kun ji da wace kula aka yi wannan aiki. Madubin nan ɗaya ne a makarantar har yau. Ba zan ƙara a kan haka ba.

Hajiya Khadijatu, mun shaida kin riƙe shi yana gani, kin riƙe shi ba ya gani. Allah ya ba ki ladan. Haliru, Adawiyya, ubanku bai bar muku gidan sama ba, amma babu ƙauyen da za ku shiga daga nan har Kibiya a rasa wanda zai tashi ya ba ku tabarma saboda shi. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe zumunci. Zulaiha, da ke da 'yan'uwanki, idon nan aro ya ce, bai ce na rana ɗaya ba. Tambayar da ya baro a bakin teku tana nan ba a amsa masa ba.

Ni kuwa, ga abin da ya rage mini. Tun daga ranar har ya kwanta ciwon ajali, in mun zauna da la'asar, sai ya ce, “Malam, sake faɗa mini yadda ka gan shi.” In faɗa. Gobe ya sake tambaya. Wani lokaci har in ce, “Haba Dakta, jiya fa na faɗa!” Ya ce, “Na jiya ya dushe, ƙaro.” Sai ya rufe idon da ba ya gani, yana gyaɗa kai. Yanzu la'asar tana yi, ina fitowa, darbejiya tana nan, labarin yana bakina, babu mai tambaya. An ce sabo ake yi wa kuka. Ina kewarsa, jama'a, ina kewarsa ƙwarai.

Mun gode wa ɗaliban da suka tara mu, mun gode wa manyanmu da suka bar ayyukansu, mun gode wa duk wanda ya tako.

Ya Allah, bawanka Zakiyyu ɗan Dalhatu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka haɗa shi da iyayensa cikin rahamarka. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka yi wa bayansa albarka, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Ya Allah, kai ka karɓi idanunsa, ya yi haƙuri. Ka mayar masa da su a gidan Aljanna, ya gani da kansa, ba da aron idon kowa ba.

Amin. Mu shafa Fatiha.