Gwiwar Mai Raba Ƙwallo

A ɗakin jira na asibitin ƙashi, wani direba mai ɗaurarriyar ƙafa yana kallon maimaicin wasan ƙwallon kwando a talabijin. Haushi ya ishe shi, ya juya ga dattijuwar da ke gefensa.

"Mama, dubi haukan kocin nan! Yaron da ke raba musu ƙwallo, shi za ka zaunar a benci ana dab da tashi?"

"Bai kyauta ba," in ji ta. "Da ya bar shi ya ƙarasa da rarrafe."

"Ɗan ɗingishi ne fa! Duk kakar wasan nan bai taɓa neman hutu ba."

"Bai nema ba, ko ba su ba shi ba? Ai gwiwa a kanti ake sayenta."

"Mu magoya baya muka san zafin. Tsallen takaici na yi daga kujera, na gurɗe."

"Sannu, jarumi."

"Ke kuwa, Mama, me ya haɗa ki da ƙwallo?"

Nas ta leƙo. "Mama, an fito da shi daga tiyata."

Dattijuwar ta miƙe. "Yaron da ke raba ƙwallon, ni na haife shi. Bari in gaya masa kana sauri."