Inna Ta Kira Mini Wanzami

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki.

Daga Gummi nake rubutowa, bana na gama jami'a. Wata goma sha huɗu ke nan gabana a kumbure, ya ƙi sacewa. Likita a Sakkwato ya ce ba gwaiwa ba ce, wani kumburi ne da ba a cika gani ba. Ya ce, "Kada ka yarda a sa maka aska."

Kawuna ya faɗa wa Inna, ita kuma ta kira wanzami, zai zo ya yi mini tsaga ranar Asabar mai zuwa. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle mu yi wannan magana. Jama'a, yaya zan yi?

Inna, na san kina sauraren shirin nan. Don Allah ki ba wanzamin haƙuri.